Gubar dalma a Zamfara: Yadda girman ƙwayar zarra ke yaudarar jikin yaro

A watan Maris na 2010 ne ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura yara ƙanana na mutuwa da jijjiga a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Bincike ya nuna gubar dalma ce, daga ƙurar duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gidaje. Yara kimanin 400 suka rasu a garuruwa irin su Dareta da Abare da Yargalma da Bagega.

Tambayar da ba a cika amsa wa jama'ar yankin ba, daga Gwashi har Gummi, ita ce: me ya sa jiki yake karɓar dalma maimakon ya fitar da ita? Amsar tana cikin girman ƙwayar zarra.

Nauyi daban, girma daban

Kowane sinadari yana da tasa ƙwayar zarra, kuma girmansu bai zo ɗaya ba. Ana auna su da fikomita, wato kashi ɗaya cikin biliyan ɗaya na milimita.

A jadawalin sinadarai da Dmitri Mendeleev na Rasha ya tsara a 1869, ƙwayoyin suna ƙara girma idan aka gangara ƙasa, domin ana ƙara musu sabon zagayen ilektiron, kamar ɓawon albasa. Idan kuma aka bi layi daga hagu zuwa dama, sai su riƙa tsukewa, saboda furoton da ke tsakiya sun ƙaru, suna jawo ilektiron ciki da ƙarfi.

Wannan jan ne ya sa nauyi bai nuna girma. Ƙwayar dalma tana da furoton 82, ta kalshiyam kuwa 20, kuma dalma ta ninka ta nauyi sau biyar. Amma a cikin jiki kowacce takan zubar da ilektiron biyu, sai ta kalshiyam ta kasance fikomita 100 daga tsakiya zuwa gefe, ta dalma kuma 119. Tazarar ba ta kai ta hana shiga ba.

Baƙuwa a rigar 'yar gida

Jiki yana gane ma'adinai ne ta girmansu da cajinsu. Saboda haka ƙofofin da aka tanada wa kalshiyam a hanji da ƙwaƙwalwa sukan buɗe wa dalma. Takan kuma ture sinadarin zink daga wurin aikinsa na haɗa jini, shi ya sa ake ganin ƙarancin jini ga masu gubar.

Ta shiga gurbin, amma ba ta yin aikin. A ƙwaƙwalwar yaro tana dagula saƙonnin jijiyoyi, abin da ke jawo jijjiga ko raunin fahimta na dindindin. A ƙashi kuwa takan kwanta shekaru da dama, idan mace ta samu ciki sai ta fito tare da kalshiyam ta isa ga ɗan tayi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce jikin yaro yana tsotsar dalma ninki huɗu zuwa biyar na babba, kuma babu adadin da za a ce ba ya cutarwa. Yaron da ke da ƙarancin kalshiyam ko sinadarin ƙarfe ya fi kwasa.

Abin da ke hannun iyaye

An kwashe gurɓatacciyar ƙasar Bagega a 2013, an kuma yi wa dubban yara magani da ƙwayar da ke kama dalma ta fitar da ita ta fitsari. Sai dai maganin ba ya gyara ƙwaƙwalwar da ta riga ta taɓu, kuma haƙar zinare ba ta tsaya ba.

Don haka kada a shigo da dutse ko turmin dakansa cikin gida. A jiƙa dutse kafin niƙa domin rage ƙura. Mai haƙa ya yi wanka ya sauya tufafi kafin ya ɗauki ɗansa, a kuma wanke wa yara hannu kafin cin abinci. Nono da zogale da miyar kuka da wake ba sa warkar da guba, amma cikin da ya samu kalshiyam da ƙarfe isassu yana rage wa dalma hanyar shiga.