Rumbun Shaidar Ɗan Ƙasa da Ƙofarsa

Tun daga 2021, ɗalibin da ke Balan a ƙaramar hukumar Gaya ba ya samun rajistar jarrabawar JAMB sai da lambar NIN mai alƙaluma 11, wadda hukumar NIMC, da aka kafa a 2007, ke bayarwa. Akan ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa goma a adana a kwamfuta. Zanen nan tun a ciki yake samuwa, kuma ko tagwaye masu kama ɗaya nasu ya bambanta.

Sai dai amincin rumbu yana ga ƙofarsa. Ƙofar irin wannan rumbun bayanai ita ce shafin da ma'aikata ke shiga. Kafin a buɗe shi, masana kan raba izini: wani shigar da bayani kawai, wani amincewa da gyara. Sannan su jarraba shi da gangan: su buga kalmar sirri ta ƙarya, su sa ƙaramin ma'aikaci ya gwada sauya ranar haihuwa, su yi wa mutum ɗaya rajista sau biyu. Idan na'ura ta ƙi, kuma ta rubuta wanda ya gwada, ƙofa ta ginu.

Shi kuwa ɗalibi, ya tantance sunansa kafin ya tashi, domin kuskuren harafi ɗaya kan jawo doguwar wahala.