Giyar Motar Dizal a Cikin Motar Fetur

Ƙananan motocin da ke zirga-zirga a Jos, in ka ɗebe 'yan kaɗan, duk fetur suke sha. Amma kayan gyaran da ake saukewa a Dilimi, waɗanda ake kira 'yan Beljiyam, da dama daga motocin Turai aka kwance su, kuma a shekarun 2006 zuwa 2015 kusan rabin sababbin motocin da ake sayarwa a yammacin Turai masu shan dizal ne, wato abin da mu muke kira gas. Shi ya sa mai Golf ko Passat da giyarsa ta mutu yakan je neman wata, a nuna masa mai kyau, mai sauƙin kuɗi, sai a ƙarshe mai shago ya ce ai daga motar gas aka ciro ta, amma za ta shiga. Sau da yawa gaskiya ya faɗa, za ta shiga. Ko za ta yi aiki yadda ya kamata, wannan wata magana ce.

Giyar da muke magana a kanta ba irin tsohuwar otomatik ba ce mai tura ƙarfi ta cikin mai. Wannan kuloci biyu gare ta. A zahiri giya biyu ce irin ta hannu aka haɗa cikin kasko ɗaya, kwamfuta tana taka kulocin a madadin direba. A samfurin Volkswagen mai lamba shida, kuloci na farko yana riƙe da lamba 1, 3, 5 da ribas, na biyu yana riƙe da 2, 4 da 6. Mota tana tafiya a lamba uku, lamba huɗu ta riga ta shiga tana jira a ɗaya ɓangaren. Lokacin canji, wannan ya saki, wancan ya kama, kamar mata biyu suna lugude a turmi ɗaya, taɓarya tana tashi wata tana sauka. Wani injiniya Bafaranshe, Adolphe Kégresse, ya tsara dabarar tun kafin Yaƙin Duniya na Biyu, kamfanin Porsche ya gwada ta a motocin tsere a shekarun 1980, amma sai a 2003 ta shigo motar kasuwa, a cikin Golf R32, da sunan DSG.

Wannan ta farko, DQ250, kulocinta cikin mai yake wanka, kuma tana ɗaukar ƙarfin murɗawa har wajen 350 Nm. A 2008 aka fito da ƙanwarta, DQ200, mai lamba bakwai da busasshen kuloci, wadda iyakarta 250 Nm. Ita DQ250 an sa ta a injin dizal 2.0 TDI, an kuma sa ta a injin fetur 2.0 TFSI na Golf GTI. Kaskon iri ɗaya ne a ido, ramukan noti suna haɗuwa a injinan masu silinda huɗu, kuma a nan ne ake ruɗuwa.

Bambancin yana cikin haƙora. Injin dizal ƙarfinsa a ƙasa yake. Na 2.0 TDI mai doki 140 yana ba da 320 Nm tun yana juyi ƙasa da 2,000 a minti, kuma kafin ya kai 5,000 ya gama abin da zai yi. Injin fetur kuwa yana hawa har 6,000 da ɗoriya, can sama yake samun kansa. Don haka aka yanka wa giyar dizal dogayen haƙora: kowace lamba tana kai mota nesa da ɗan juyin inji. A gudun kilomita 100 a awa, a lamba shida, dizal yana juyi wajen 2,000, fetur kuwa wajen 2,500. Ɗora wannan doguwar giya a kan injin fetur, sai ka sami mota mai nauyin tashi, wadda take shiga lamba ta sama inji bai kai inda yake da ƙarfi ba.

A shimfiɗaɗɗiyar hanya irin ta Kano zuwa Zariya mai mota zai iya daɗewa bai lura ba, har ma ya ji daɗin yadda injin ya yi shiru kuma mai ya ɗan rage ƙonewa. A Turai akwai masu yin wannan musanya da gangan a injinan fetur masu tabo, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, don wannan dalilin. Jos ba ta yi wa mota wannan rangwamen. Garin yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200 daga teku, iskarsa ta fi ta Legas sirantaka da kusan kashi goma cikin ɗari, kuma injin da ba shi da tabo yana rasa ƙarfi gwargwadon haka. Mai tabo yana cike giɓin, amma sai tabon ya farka tukuna. Ga kuma hawa. Wanda ya taso daga Akwanga dole ya fuskanci Hawan Kibo, inda ko manyan motoci suke nishi, sannan cikin gari kansa hawa da gangara ne. Duk lokacin da mota za ta tashi daga tsaye a kan hawa, kuloci yana zamewa kaɗan kafin ya kama. In lamba ɗaya ta yi tsawo ga injin, zamewar tana ƙaruwa, zafi yana taruwa. Cunkoson Taminus da rana, ana tafiya taku ɗaya a tsaya, ya fi hawan ma cin kuloci.

Sai ƙwaƙwalwa. A cikin giyar akwai abin da makanikai ke kira mekatironik: kwamfuta da bawul-bawul na mai a jiki ɗaya. Ita take yanke shawarar yaushe za a canza lamba da kuma ƙarfin da za a matse kuloci. Tana hira da kwamfutar inji ta wayoyi biyu, tana tambayar ƙarfin da inji ke fitarwa, har takan umarce shi ya sassauta na ƙiftawar ido lokacin canji. Mekatironik ɗin da aka yi wa karatun dizal za ta canza lamba da wuri, ta ƙi barin injin fetur ya hau, wani lokacin ma ta ƙi amsa masa gaba ɗaya.

Dabarar da ta fi saurin zuwa wa makaniki ita ce ya ciro mekatironik ɗin tsohuwar giyar fetur ya dasa a ta dizal. Tunani ne mai kyau, amma rabi ne. Kwamfutar tana auna gudun sandar da ke shigowa da na wadda ke fita, tana kwatanta su da lissafin haƙoran da ta sani. Da ta ga lissafi bai zo daidai ba, sai ta ɗauka wani abu ya lalace: haruffan P R N D S su kama ƙyaftawa a gaban direba, mota ta maƙale a lamba ɗaya ko ta saki gaba ɗaya. Abin da ake bukata shi ne manhaja mai sanin haƙoran dizal amma tana canza lamba a lokacin fetur, kuma kamfani bai yi irin wannan ba, sai dai wani gwani ya rubuta ta. Bayan haka a sa na'ura a yi wa giyar sabon saiti, ta koyi inda kowane kuloci yake fara kamawa. Makanikan Farin Gada ba su da kasawa wajen ƙarfe. Mutanen da suka riƙe Peugeot 504 ta yi shekaru talatin a hanya ba a koya masu kwance giya. Aikin ne ya koma na mai kwamfuta, kuma waɗanda suka iya rubuta manhajar giya ba su da yawa a ko'ina. A wasu samfura na baya-bayan nan ma an haɗa mekatironik da makullin hana sata, ba ta aiki a wata mota sai an buɗe ta.

Akwai ƙananan abubuwa da ke biyo baya: filawil mai ɓari biyu ya zama na injin fetur ɗin, domin sifirin ɗin cikinsa an auna su ne da bugun injin, a duba kik da sandunan taya, giyar injin silinda shida ba ta hawa mai huɗu, haka ta mota mai jan ƙafa huɗu daban take.

Masu Ford lamarinsu ya fi tsanani. Giyar PowerShift ta Focus da Fiesta masu fetur busasshen kuloci ce, kuma ta yi ƙaurin suna wajen karkarwa, har kotu a Ostareliya ta ci kamfanin tarar dala miliyan 10 ta ƙasar a 2018 kan yadda ya bi da koke-koken masu motocin. Ta motocin dizal mai jiƙaƙƙen kuloci ce, ta fi juriya, shi ya sa take ba mutane sha'awa. Sai dai suna kawai suka haɗa. Giya ce daban, da girma daban da wayoyi daban, kuma kuɗin daidaita ta yakan wuce na gyaran ta asali.

A ganina, mai injin fetur mai tabo da ya sami gwanin manhaja zai iya yin musanyar ya ci riba. Wanda bai sami gwanin ba, gara ya yi haƙuri ya nemi giya mai haruffa uku irin waɗanda aka buga a jikin kaskon tasa, ko da sai an aiko ta daga Ladipo a Legas. Kowacce ya sa, in mai jiƙaƙƙen kuloci ce, man DSG take sha, ba jan man otomatik da aka saba da shi ba, kuma ana canza shi da matatarsa duk kilomita 60,000.