Lissafin gidan haya

Ku ɗauko kaye da alƙalami, yau lissafi za mu yi tare. Jika 1 ita ce dala 200, kun sani.

A ce wani mutum a Maradi ya gina gidan haya mai ɗaki 4. Fili da gini sun ci masa jika 3.000, wato miliyan 3. Kowane ɗaki jika 10 a wata. Ɗaki 4, jika 40 ke nan. Wata 12, jika 480. Sai ya ce cikin shekara 6 da ƴan watanni kuɗinsa sun dawo. A nan mutane da yawa ke faɗuwa.

Ɗaki ba ya zama cike kullum. Ɗan haya ya tashi, kafin wani ya shigo wata ya wuce. In kowane ɗaki ya yi wata 1 ba kowa, jika 40 sun tafi. Akwai kuma mai tashi da dare da bashin wata 2: jika 20. Kar ku yi dariya, ana yi. Abin da ya shiga hannu jika 420 ne.

Yanzu abin da ke fita. Yaɓe, gyaran kwano da indararo, mu ce jika 60. Kwashe masai 20. Lampo mu sa 40, amma kowa ya je ofishi ya tambayi nasa. Duka 120. Ku cire 120 daga 420, saura 300. Shekara 10 ke nan kafin jika 3.000 su dawo.

Ga wurin da na fi so ku riƙe. Haya tana shigowa kaɗan-kaɗan, wata-wata, gyara kuwa lokaci guda yake zuwa, gab da damana. Magini ba ya jiran ƙarshen wata. Don haka kowane wata a ware jika 10 a ajiye, kar a taɓa ko da biki ko suna. Abin ci jika 25 ne kawai a wata. Wanda ya ci bashi ya yi ginin, yana biyan jika 30 a wata, to kowane wata sai ya cika jika 5 daga aljihunsa.

In ɗan haya ya ba ku kuɗin wata 3 tun farko, ku rubuta sunan watannin a kaye, ku riƙa ɗaukar na kowane wata in ya kama.