Kachala da Roba: Yadda Ake Sa Zaren Tsiro Ya Kama Filastik

Tun bayan gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da kan zo ta janye a fadamar Haɗejiya da Nguru ta sauya salo. Ruwa ya riƙa kwanciya rani da damina a wasu wurare, ciyawar kachala kuma ta samu gindin zama. Ta toshe magudanai irin su Marma, ta cinye gonaki da wuraren su, ta rage ruwan da ke gangarawa Gashuwa, sannan ta zama mafakar tsuntsayen jan-baki masu ɓarnar hatsi.

Sai dai ganyen kachala na ɗauke da zare, kuma masana'antu sun daɗe suna gauraya zaren tsiro da narkakkiyar roba domin yin alluna marasa nauyi. Kamfanin Toyota ma ya yi amfani da zaren rama a jikin ƙofofin mota.

Matsalar ita ce zare da roba ba sa ga maciji. Sinadarin seluloz da ke cikin zaren yana tsotsar ruwa, roba kuwa tana korar sa, tamkar mai da ruwa. Idan aka haɗa su kai tsaye, sai a bar ƙananan gurabe a tsakaninsu. Danshi ya shiga, zaren ya kumbura, allon ya tsage da zarar ya ɗauki nauyi.

Matakin farko na gyara shi ne jiƙa zaren cikin ruwan soda, irin wadda ake haɗa sabulu da ita, galibi kimanin kashi 5 cikin 100. Sodar na wanke kakin da ke bayan zaren da wani ɓangare na ƙaron da ke ɗaure shi, ta bar shi da kaushin da roba za ta maƙale. Dabarar ta samo asali ne daga aikin John Mercer na Ingila a kan auduga a 1844. Amma idan soda ta yi yawa, zaren kan yi rauni.

Mataki na biyu shi ne zuba sinadari mai shiga tsakani, kamar silan, wanda gefe guda ke kama zare, ɗayan kuma roba. Na uku, a busar da zaren sarai, kuma kada zafin narkarwa ya zarce digiri 200 a ma'aunin Salshiyos, domin daga nan zaren ke fara ƙonewa.

Kowane tsiro da awon da ya dace da shi. Gano na kachala aiki ne da cibiyoyi irin su Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, wadda aka kafa a 2013, za su iya ɗauka. Idan aka dace, ciyawar da ake yanka a watsar da ledojin da ke toshe kwalbatoci za su iya zama silin da bencin makaranta, mai yankan kachala kuma ya samu mai saye.