Ɗakin Kwamfuta A Ƙasar Gumel: A Bar Yara Su Rubuta Labarin Daminarsu

Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta ajiye takarda da fensir, ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta. A 2024 ita ma WAEC ta fara bin sahu da ɗalibai masu zaman kansu. Ke nan yaron da ya tashi a Sule Tankarkar ko Gagarawa zai zauna gaban na'ura a ranar da za a yanke hukunci kan makomarsa, ko hannunsa ya saba da ita ko bai saba ba.

Jigawa ba baƙuwa ba ce a wannan fage. A zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki aka kafa cibiyar koyar da ilimin kwamfuta a Kazaure, aka kuma buɗe Yankin Ciniki Maras Shinge na Maigatari, a garin da kasuwar dabbobinsa ke tara fatake daga Najeriya da Nijar kowace Alhamis. Irin wannan hada-hada tana buƙatar matashin da zai karanta takardar kaya ya fahimta, ya kuma buga wasiƙa ba kuskure. Abin tambaya shi ne, me ake yi da sa'ar da ɗalibi ke samu a ɗakin kwamfuta? Sau da yawa takan ƙare wajen haddace sunayen sassan na'urar, alhali amfanin ilimi aiki da shi.

Shawarata ita ce a mayar da wannan sa'a ta karatu da rubutu, a kuma ɗauko darasin daga abin da yaran suka fi kowa sani, wato yanayin ƙasarsu. Sun san iskar farkon damina da ke yaye kwanon ajinsu. Sun san ƙurar hunturu, da zafin Afrilu, da yashin da ke cin gonaki a bakin iyaka. Sun kuma ji yadda ambaliyar 2022 ta raba dubban 'yan jiharsu da muhallinsu.

A fara da ƙa'idar rubutu. Madannan kwamfutocin da ake sayarwa ba su da ɓ da ɗ da ƙ, sai malami ya saita su. In ba a yi haka ba, baƙi su koma baki, ƙafa ta koma kafa, faɗa ya zama fada. Daga nan sai karatu. Kowace shekara hukumar NiMet takan fitar da hasashen damina, har da fassararsa ta Hausa. A buɗe wa ɗalibi shi, ya nemo lokacin da ake sa ran saukar ruwa a ƙaramar hukumarsa, ya taƙaita a jimla biyar, ya kai wa mahaifinsa kafin shuka. A ƙarshe ya buga gajeren labari kan daren da iska ta afka wa unguwarsu, abokinsa ya gyara masa. Kada a raina wannan; gasar da aka shirya a Zariya a 1933 ce ta fito da Abubakar Imam da Ruwan Bagaja.

Wani zai ce ina wutar, ina intanet? Babu ɗaya daga cikin ayyukan nan da ke buƙatar intanet kullum, domin malami na iya sauke darasin wata guda a rana ɗaya. Wuta kuwa, ranar da ke ƙona mu ta isa ta kunna ɗaki guda idan aka kafa sola.

Don haka muna kira ga Kwalejin Ilimi ta Gumel da ta horar da malaman Hausa da na Turanci su riƙa shiga ɗakin kwamfuta da azuzuwansu, ma'aikatar ilimi kuma ta sanya shi cikin jadawali. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.