Makin WAEC da Ake Tarawa Tun Kafin Ranar Jarrabawa

Sakamakon WAEC na ɗalibin sakandare a Najeriya ba a zauren jarrabawa kaɗai ake yanke shi ba. Wani kaso yana fitowa ne daga makin gwaje-gwajen aji, wanda malamai ke tarawa tun daga ajin farko na babbar sakandare.

Malami ke ba da makin. Shugaban makaranta kuma shi ke da alhakin yi wa ɗalibai rajista da miƙa wa hukumar waɗannan alƙaluma. Idan malami ya yi sakaci da littafin maki, ko ofishin shugaba ya aika da kuskure, ɗalibi ne abin ke shafa. Sau da yawa iyaye ba sa tambayar wannan maki sai sakamako ya fito, lokacin da gyara ya yi wuya.