Maƙoƙo da Gishirin Miya: Bayani ga Hakimai da Malamansu na Birnin Kudu da Gwaram

An shirya wannan takarda domin Hakimai da malamansu na ƙasar Birnin Kudu da ta Gwaram, su karanta, sa'an nan su bayyana wa dagatai da masu unguwa abin da ke ciki. Maganar da ta ƙunsa ita ce ta maƙoƙo, watau kumburin nan da kan fito a gaban wuya, da abin da ke kawo shi, da yadda abincin gida ke tsare mutum daga gare shi. Jama'a da yawa ba su ɗauke shi ciwo ba, tun da ya ke ba ya zafi, ba ya kuwa hana mai shi zuwa gona. Waɗansu kan ce gado ne, waɗansu su ce sammu, waɗansu kuma su ɗora wa ruwan wata rijiya laifi. Kumburin dai alama ce kurum. Ɓarnar da ta fi shi girma tana can inda ido ba ya gani, a ƙwaƙwalwar 'ya'yan da ke cikin iyayensu mata.

Yadda jiki ke mulkin kansa

Jikin ɗan Adam yana da tsarin mulki wanda Hakimi ba zai sha wuyar ganewa ba. Akwai waɗansu ƙananan gaɓoɓi a ciki waɗanda aikinsu shi ne su tatso wani irin ruwa kaɗan su zuba cikin jini, jini kuma ya kai shi ko ina, kamar yadda jakada kan kai saƙo daga fada zuwa ƙauyuka. Likitoci suna kiran irin wannan ruwa homon, sunan da wani masani na Ingila, Ernest Starling, ya raɗa masa a 1905. Irinsa yana da yawa: akwai mai lura da sukarin jini, akwai mai lura da girma, akwai na haihuwa.

Gaɓar da wannan takarda ta shafa ana ce da ita tayirod. Tana gaban wuya, ƙasa kaɗan da zakaran wuya, ta rungumi maƙogwaro da fukafukai biyu kamar malam-buɗe-littafi. Ta baligi mai lafiya ba ta wuce nauyin giram 20 da yawa ba, ba a kuwa ganinta daga waje. Ruwan da ta ke yi shi ne ke ƙayyade saurin da jiki ke ƙona abinci, da ɗumin jiki, da bugun zuciya, da girman yaro da kaifin basirarsa. Amma ba ta iya yinsa sai da aidin. Aidin ɗin nan ɗaya ne da wanda a ke shafa wa rauni a asibiti, sai dai na rauni guba ne ga mai sha, ba a kuwa taɓa kai shi baki.

A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wata gaɓa, ba ta fi ƙwayar wake ba, wadda ke shugabantar tayirod. Kadan ta ga ruwan tayirod ya yi ƙaranci cikin jini, sai ta aika mata da umurni ta ƙara ƙoƙari. In babu aidin, ƙoƙarin ba ya haifar da abin da a ke nema, saƙo kuwa ba ya yankewa. Da haka tayirod kan yi ta ƙara girma domin ta tsinto ɗan abin da ya rage cikin jini, shekara da shekaru, har ta fito fili. Wannan shi ne maƙoƙo.

Abin da jiki ke bukata ƙanƙane ne ainun. Bisa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, baligi na bukatar maikirogiram 150 a rana, mace mai ciki ko mai shayarwa 250, ƙaramin yaro 90. Maikirogiram kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram guda. In an tara duk abin da mutum zai ci tun daga goyo har tsufa, ba zai cika cokalin shayi ba. Sai dai ba a cinsa gaba ɗaya a huta, gama abin da jiki ke iya ajiyewa na 'yan watanni ne.

Dalilin da ya sa ƙasar tudu ke rasa shi

Asalin aidin cikin ƙasa ya ke, amma ruwan sama ya daɗe yana wanke shi yana kai wa teku. Sabo da haka teku ce taskarsa, kuma cikin tokar ciyawar teku ne wani mutumin Faransa, Bernard Courtois, ya fara gano shi a 1811. Ƙasashen duwatsu da waɗanda ke nesa da gaɓar teku su ne suka fi rasa shi. Birnin Kudu da Gwaram sun haɗa duka biyu: tsofaffin duwatsu irin su Dutsen Habude da Dutsen Mesa na tsaye a ƙasar, teku kuwa ta fi kilomita 700 daga nan. Dawa da gero da wake ba su iya ɗauko abin da babu shi a gona, haka nonon saniyar da ta yi kiwo a wurin. Mutum na iya cin tuwo sau uku a rana ya ƙoshi, alhali kuwa wuyansa na jin yunwa.

Akwai kuma abinci iri biyu da kan ƙara wa tayirod nauyi in dama aidin ya yi kaɗan. Na fari shi ne rogo mai ɗaci wanda ba a gyara shi sosai ba. Dafin da ke cikinsa kan juye a jiki ya zama wani abu mai hana tayirod ɗaukar aidin, kamar yadda likitoci suka tabbatar a arewacin ƙasar Kwango wajen shekarun 1970. Maganin wannan sananne ne: a fere, a jiƙa kwana uku ko huɗu, a zubar da ruwan, a shanya ya bushe sarai. Na biyu shi ne gero. A Darfur ta ƙasar Sudan an lura maƙoƙo ya fi yawa a ƙauyukan da gero ne kusan dukan abincinsu, bincike kuwa ya nuna abin da ke jawo haka ya fi taruwa a dusa. Kada Hakimi ya fahimci wannan da cewa a bar fura da kunu. Gero abinci ne mai ƙarfi, surfe da wanki na rage abin, kuma gidan da aidin ya wadata ba shi da abin tsoro.

Ɓarnar da ba a gani

Mata sun fi maza kamuwa da maƙoƙo, musamman lokacin balaga da lokacin ciki, sa'ad da bukatar jiki ke ƙaruwa. Har wajen tsakiyar ciki, ɗan tayi ba ya iya yi wa kansa isasshen ruwan tayirod. Da na uwarsa ya ke dogara, a daidai lokacin da ƙwaƙwalwarsa ke ginuwa. In na uwar ya gaza ƙwarai, ciki na iya ɓarewa, ko a haifi ɗan ba rai, ko ya zo kurma, ko wada mai raunin hankali. Irin waɗannan ba su da yawa, kowa kuma na ganinsu. Waɗanda suka fi yawa su ne yaran da suka zo lafiya lau ga ido, amma sun rasa wani kashi na basirar da za su samu. Malamin allo ya biya musu su manta, malamin boko ya gaji da maimaici, a ce da su daƙiƙai. Abin da ya ɓace a ciki da shekarun goyo ba ya dawowa, ko da an cika yaron da aidin daga baya. Sabo da haka rigakafin na uwa ne, tun kafin ta ɗauki ciki.

Dabbobi ma haka. Tunkiya ko akuyar da ta rasa aidin kan haifi ɗa da kumburin wuya, ko marar gashi, ko matacce. Makiyaya ba za su ƙi jin wannan ba.

Labarin gishiri

A 1917 wani likita mai suna David Marine ya soma gwaji da 'yan mata 'yan makaranta a garin Akron na Amurka. Cikin 2,190 da aka ba aidin, 5 ne kaɗai suka yi maƙoƙo. Cikin 2,305 da ba su sha ba, 495 suka yi. Da aka ga haka sai aka nemi abin da kowa ke ci kullum, mai kuɗi da matalauci, kuma gwargwado kusan ɗaya, aka ga babu kamar gishiri. Suwizalan ta fara zuba aidin cikin gishiri a 1922, Amurka ta bi a 1924.

A Nijeriya, binciken da aka yi a 1993 ya sami maƙoƙo ga kimanin 20 cikin 100 na waɗanda aka duba. A shekarar nan Gwamnatin Tarayya ta wajabta sa aidin cikin gishirin ci. Ƙa'idar ita ce miligiram 50 cikin ko wane kilo a masana'anta ko tashar jirgin ruwa, 30 a kasuwa, 15 a gida. Abin ya zo da sauƙi domin yawancin gishirin ƙasar ta hannun kamfanoni kaɗan ya ke fitowa, a Ikko da Fatakwal. A 2005 aka shaida Nijeriya ta cika sharuɗɗan wannan aiki, ita ce kuwa ta fari a Afirka. Amma binciken gidaje na 2008 ya nuna ƙarfin aidin ya kasa ƙa'ida a gidaje masu yawa. Ashe dai abin da kamfani ya zuba a Ikko ba lalle ne ya iso tukunyar Fagam ko ta Sundimina ba.

A hanya ya ke zurarewa. Mai gishiri kan sayo buhu ya farke, ya juye cikin daro, ya zauna da shi a rana yana awo da mudu da gwangwani, mako bayan mako. Da damina gishirin ya sha laima, aidin ya bi ruwa ya sauka gindin buhu. A gida kuma a bar shi cikin buɗaɗɗiyar ƙwarya kusa da murhu. Abin da ya fi shi ne a sayi ƙullin kamfani wanda ba a buɗe ba, mai lambar hukumar NAFDAC, a juye cikin kwalba ko gwangwani mai murfi, a ajiye a inuwa, a kuma zuba wa miya sa'ad da ta kusa sauka.

Sa'an nan ga gishirin gargajiya, irin su manda da kantun Bilma, wanda ayari ya saba kawowa ƙasar Hausa tun zamanin kakanni. Ba a zuba masa aidin. Ba laifi ba ne a sayar da shi, amma gidan da ya mai da shi gishirin miya ya fita daga rigakafi bai sani ba. Kanwa ma ba ta tsaya a madadin gishiri mai aidin ba. Kada kuma a ce tun da ya ke magani ne sai a yawaita: giram 5 a rana, watau cokalin shayi guda, shi ne iyakar baligi, abin da ya haura kuwa hawan jini ya ke jawowa. Ƙwai da kifin teku, ko na gwangwani ko mai ƙanƙara, suna taimakawa ga wanda ya samu. Kifin kogi ɗan kaɗan ne a cikinsa.

Inda abinci ba ya isa

Gishiri na hana maƙoƙo fitowa, yana kuma iya mai da ƙaramin kumburi na yaro. Tsohon maƙoƙo wanda ya yi ƙullutai ba ya komawa da shi. Kuma ba ko wane kumburin wuya ne na rashin aidin ba. Wani tayirod ɗinsa aiki ta ke yi fiye da kima: ga ci ga rama, ga gumi, ga faɗuwar gaba da rawar hannu, wani har idanunsa su firfito. Wani kuwa tasa ta gaza: kasala, jin sanyi, kumburin fuska, mace al'adarta ta rikice, ciki ya ƙi samuwa. Gwajin jini ne kaɗai ke raba waɗannan, ko wanne kuwa da maganinsa dabam. Duk kumburin da ya yi tauri, ko ya girma da sauri, ko ya dushe murya, ko ya tsare numfashi da haɗiya, lalle ne a kai mai shi Asibitin Tarayya na Birnin Kudu ba da jinkiri ba, gama kaɗan daga cikinsu ciwon daji ne. Tsaga da sakiya a wuya ganganci ne, domin manyan hanyoyin jini na nan kwance dab da wurin.

Yanzu kuma an sami masu tallar kwalabe da gari a kasuwanni da cikin waya, suna cewa maganinsu na daidaita homon, galibi ga matan da ke neman haihuwa. Wanda bai auna jini ba bai san abin da ya hau ko ya sauka ba, balle ya daidaita shi. Kuɗin kwalba biyu ya fi kyau a kai shi wurin gwaji.

Aikin Hakimi da malaminsa

Kasuwa ita ce wurin farawa, manya irin ta Sara da ƙananan na ƙauye duka. Ma'aikatan lafiya suna da wani ruwan gwaji cikin 'yar kwalba: in an ɗiga a kan gishiri ya juya shuɗi, akwai aidin, in ya tsaya fari, babu. Ya kamata Hakimi ya nemi shugaban sashen lafiya na Ƙaramar Hukuma ya turo duba-gari, su zaga tare da Sarkin Kasuwa, a yi gwajin a gaban mai gishiri da masu saye, domin abin da ido ya gani ya fi shiga. Hakimi ba shi da ikon ƙwace kaya. Nasa shi ne ya yi gargaɗi, in abin ya ci tura ya rubuta wa Ƙaramar Hukuma ta sanar da NAFDAC. Limamai da ungozomomi su ne za su isar da maganar cikin gidaje, inda dagaci ba ya shiga.

Sa'ad da a ke rangadi, malamin Hakimi ya rubuta yawan masu kumburin wuya na ko wane ƙauye, ya raba maza da mata, ya kuma raba yara da manya. Wannan rabon shi ne muhimmi: maƙoƙon tsohuwa labarin shekarun baya ne, na ɗan makaranta kuwa yana nuna gishirin ƙauyen ba shi da kyau a bana. Hanyar dubawa ita ce a sa yaro ya ɗaga haɓa ya haɗiye ruwa. Kumburin tayirod kan hau sama tare da haɗiyar, sa'an nan ya sauko. Ƙauyen da aka sami yara da yawa haka, shi za a fara kai wa ruwan gwaji. Lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen damina, sa'ad da gishirin kasuwa ya gama shan laima, kuma ya yi daidai da ran 21 ga Oktoba, wadda a ke tunawa da wannan ciwo a ƙasashen duniya ko wace shekara.